Kafin Ka Kai Yara Wurin Mickey a Disney World

A filin shaƙatawa na Walt Disney World, wanda aka buɗe a 1971 kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, yara da yawa ba lilo ne a gabansu ba. Burinsu su rungumi Mickey Mouse.

Masu shigar 'yan katun ɗin iri biyu ne. Akwai masu rufe kai ruf, irin su Mickey da Goofy, waɗanda sai dai nuni da hannu da gyaɗa kai. Akwai kuma masu buɗaɗɗiyar fuska kamar Cinderella, da ke hira da yaro kamar sun saba. Na farkon kan firgita ƙananan yara, don haka kada a tura yaro gaba. A bar shi ya leƙo daga bayan uwarsa har ya saki jiki. A tafi da littafin sa hannu da alƙalami mai kauri, domin ƙatuwar safar hannun Mickey da ƙyar take riƙe siririn biro.

Manhajar My Disney Experience na nuna wuri da lokacin fitowar masu shigar katun. Mai gudun dogon layi na iya kama tebur a gidan abinci na Chef Mickey's, inda suke zagayowa tebur-tebur. Ana fara kama wuri kwana 60 kafin ranar, kuma kuɗin ba na wasa ba ne.

Daga Yuni zuwa Agusta akwai zafi da gumi, ga ruwan la'asar. Wanda ya kai shekara 14 kuwa ba a barinsa ya shiga da shigar katun, sai a bukukuwa na musamman kamar na Halloween.