Takardun Barin Aiki: Abin da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Fita da Shi a Hannu

Ma'aikaci kan rabu da wurin aikinsa ta ɗaya daga hanyoyi biyar: ya ajiye aikin da kansa, ko a sallame shi, ko a kore shi bisa laifi, ko a yi ragin ma'aikata abin ya faɗa kansa, ko shekarunsa su cika ya yi ritaya. Kowace hanya aka bi, rabuwar ba ta cika sai an rubuta ta. Takardun da ake musaya a wannan lokaci su ne ke nuna ranar da aiki ya ƙare, da dalilin ƙarewarsa, da abin da kowane ɓangare yake bin ɗan'uwansa. Da su ake neman sabon aiki, da su ake karɓar fansho, da su kuma ake tsayawa gaban alƙali idan magana ta lalace. Mutane da yawa kan yi sakaci da su saboda zumuɗin sabon wuri ko ɓacin ran rabuwa. Sai bayan shekaru buƙata ta taso, a tarar shugaban da ya san mutum ya tafi, fayil ya ɓace, wani lokaci ma kamfanin ya rufe.

Takardar ajiye aiki da wa'adin sanarwa

Wanda ya yanke shawarar tafiya da kansa yana farawa ne da rubuta takardar ajiye aiki. Ba a so ta yi tsawo. Ta ƙunshi kwanan wata, da sunan ma'aikaci da muƙaminsa, da bayanin cewa zai ajiye aiki, da ranar da zai yi aikinsa na ƙarshe. Abu mafi muhimmanci shi ne ya yi kwafi biyu, ya miƙa ɗaya, a buga masa hatimi da sa hannu da kwanan wata a kan ɗayar ya riƙe. Wannan kwafin ne zai kare shi idan daga baya aka ce gudu ya yi ya bar aiki. Kotunan Nijeriya sun daɗe da tabbatar da cewa ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, mai ba da aiki ba shi da ikon cewa bai karɓa ba, ko da yake yana iya bin duk abin da yake bin ma'aikacin.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ƙayyade mafi ƙarancin wa'adin sanarwa, wato notis, kuma ya hau kan ma'aikaci da mai ba da aiki duka. Wanda bai wuce wata uku a bakin aiki ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Daga shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Duk sanarwar da ta kai mako ɗaya dole ta kasance a rubuce. Idan ɗayan ɓangarorin yana so a rabu nan take, yana iya biyan kuɗin kwanakin a madadin sanarwar. Sai dai wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su likitoci da injiniyoyi, abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsu aiki shi ke binsu, kuma galibi wata ɗaya ne ko uku. Shi ya sa ake fara duba takardar ɗaukar aiki kafin a rubuta ta ajiyewa.

Sallama daban, kora daban

Idan rabuwar daga wajen mai ba da aiki ta fito, ma'aikaci ya karanta takardar da aka ba shi da idon basira, domin sallama da kora ba hukuncinsu ɗaya ba. Sallama kawo ƙarshen yarjejeniya ce bisa ƙa'ida: a ba mutum sanarwa ko kuɗinta, a biya shi haƙƙoƙinsa, ya tafi da mutuncinsa. Kora kuwa hukunci ce a kan babban laifi kamar sata ko almundahana ko ƙauracewa aiki, tana iya jawo asarar garatuti, tana kuma bin mutum duk inda ya je. A harkar banki, doka ta hana a ɗauki wanda aka kora daga aiki saboda zamba ko rashin gaskiya. Saboda nauyin wannan hukunci, ana buƙatar a fara ba ma'aikaci takardar tuhuma, a ba shi damar kare kansa, kafin a yanke. Ya adana takardar tuhumar da amsar da ya bayar da duk gayyatar da kwamitin bincike ya yi masa.

Ragin ma'aikata kuma yana da nasa tsarin a sashe na 20 na Dokar Ƙwadago. Dole a sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Ƙa'idar ita ce wanda ya zo a ƙarshe shi ke fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, kuma a yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Wanda abin ya shafa ya tabbatar takardarsa ta faɗi a fili cewa ragi aka yi, don kada wani wuri ya ɗauka laifi ya aikata.

Miƙa aiki da wanke kai

Kafin ranar ƙarshe, ma'aikaci kan rubuta takardar miƙa aiki. A ciki yake jera ayyukan da ya kammala, da waɗanda ke tafe, da fayiloli da makullai da kuɗin ofis da ke hannunsa, da sunan wanda ya karɓa. Mai miƙawa da mai karɓa su sa hannu, shugaban sashe ya shaida. Ga mai ajiyar kuɗi ko mai kula da sito, a ƙidaya kaya a gaban shaida, domin duk giɓin da aka gano bayan tafiyarsa kansa za a fara ɗorawa.

Daga nan sai fom ɗin wanke kai, wanda ma'aikata suka fi sani da kiliyarans. Fom ne guda da ake zagayawa da shi ofis-ofis. Sashen kuɗi ya duba ko akwai bashin albashi ko kuɗin tafiya da ba a kawo rasit ɗinsa ba. Sito ya karɓi kayan aiki. Sashen kwamfuta ya karɓi na'ura ya rufe adireshin imel. Sashen sufuri ya karɓi mota, sashen gidaje ya karɓi makullin gida, ƙungiyar adashin ma'aikata ta faɗi abin da take bi ko ake binta. A jami'o'i da kwalejoji har ɗakin karatu sai ya sa hannu cewa babu littafi a hannun mutum. A ƙarshe sashen kula da ma'aikata ya karɓi katin shaida ya rufe fom ɗin. Wanda aka tura karatu da kuɗin ma'aikata bisa sharaɗin zai dawo ya yi wasu shekaru, a nan ne maganar ke tasowa: ko ya cika shekarun, ko ya biya.

Kiliyarans kariya ce ga ɓangarorin biyu, amma a nan ne aka fi wahalar da mutane. Akan bar fom ya kwana makonni a teburin jami'i ɗaya, haƙƙin mutum kuma yana tsare. Dabarar ita ce a fara zagayen tun farkon wa'adin sanarwa, a karɓi rasit a kan duk abin da aka mayar, a kuma ɗauki hoton fom ɗin bayan kowane sa hannu. Wanda aka karɓi takardun makarantarsa na asali lokacin ɗaukar aiki, kada ya fita sai an mayar masa da su.

Lissafin ƙarshe da shaidar aiki

Bayan wanke kai sai lissafin ƙarshe: albashin kwanakin da aka yi, da alawus da ba a biya ba, da kuɗin hutun shekara da ba a ci ba, da kuɗin sanarwa idan akwai, da garatuti idan yarjejeniyar aiki ta tanade shi. Dokar Ƙwadago ta ce a biya albashin da ya rage kafin wa'adin sanarwa ya ƙare ko a ranar ƙarewarsa. Ta kuma taƙaita yankan albashi: ba a cire wa ma'aikaci kuɗin ɓarna ko asara sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Ma'aikaci ya nemi a ba shi lissafin dalla-dalla. Wasu kamfanoni kan kawo takardar da ke cewa an biya komai, babu sauran magana. Wanda bai gamsu da lissafin ba kada ya yi gaggawar sa hannu, domin abin da hannu ya rubuta baki ba ya iya gogewa.

Takardar shaidar aiki kuma tana faɗin ranar da mutum ya fara, da ranar da ya bari, da irin aikin da ya yi. Shawara mai lamba 166 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce ma'aikacin da aka sallama yana da haƙƙin karɓarta idan ya nema, kuma kada a saka wani hukunci a kan halinsa a ciki sai in shi ya buƙata. Wannan ta bambanta da takardar yabo, wadda shugaba ke rubutawa bisa ganin damarsa. A nemi dukkansu tun mutum yana wurin, lokacin da ake tunawa da aikinsa.

Fansho, haraji da asusun gidaje

A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, mai ba da aiki na zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusun ajiyar ritaya mai sunan ma'aikacin. Asusun nasa ne, yana binsa duk inda ya koma. Lambarsa kawai zai ba sabon wurin aiki. Kafin ya tafi ya nemi bayanin asusun daga kamfanin fanshonsa, ya gwada da takardun albashinsa wata-wata, domin akwai wuraren da ke yanka ba sa zubawa. Irin wannan ƙorafi hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ake kai wa. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun, kuma takardar barin aiki na cikin abin da za a fara tambayarsa.

Harajin da ake yanka daga albashi hukumar haraji ta jihar da mutum ke zaune ake kai wa, kuma ita ke ba da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka gabata. Haka nan kashi 2.5 cikin ɗari da ake yanka wa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ana iya neman a mayar wa mutum bayan ritaya ta hannun Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, in ba shi da bashin gida a kansa.

Ma'aikacin gwamnati

A aikin gwamnatin tarayya ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wata doka ta 2022 ta ɗaga na malaman firamare da sakandare zuwa 65 ko 40. Mai shirin ritaya kan ba da sanarwar wata uku, kuma ana neman takardar ɗaukarsa aiki ta farko, da ta tabbatar da shi, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da tarihin aikinsa, da shaidar albashin ƙarshe, da shaidar haihuwa, da takardar cewa ba a binsa bashi. Saɓanin suna ko na ranar haihuwa tsakanin waɗannan takardu yana cikin manyan abubuwan da ke tsayar da haƙƙin mutane, don haka gyaransa tun ana bakin aiki ya fi sauƙi. Jihohi irin su Kano da Jigawa suna da nasu hukumomin fansho da nasu ƙa'idoji. Idan ma'aikaci ya rasu, iyalinsa za su buƙaci waɗannan takardu tare da shaidar rasuwa da takardar kotu mai nuna waɗanda ke da izinin karɓar dukiyarsa. Ya kamata iyali su san inda suke ajiye.

Nijar, Saudiyya da kasuwa

A Jamhuriyar Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki lokacin rabuwa, kuma shekarun da aka zuba wa mutum a asusun ajiyar ma'aikata na ƙasar, wato CNSS, su ake lissafawa wajen fansho. A Saudiyya, inda Hausawa da yawa ke neman abinci, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci shaidar aiki kyauta, a mayar masa da takardunsa, a kuma biya shi ladan ƙarshen aiki: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayansu. Wanda ya ajiye aiki da kansa ana iya rage masa gwargwadon shekarunsa, masu aikin gida kuma ƙa'idarsu daban ce. Mai shirin dawowa gida ya kammala lissafinsa kafin ya fita da bizar fita ta ƙarshe, domin bin haƙƙi daga nesa yana da wuya.

A kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Singa kuwa, yaron shago kan yi shekaru da maigidansa a kan amana, a sallame shi da jari ba tare da an rubuta komai ba. Al'ada ce mai kyau, amma rubutu ba ya rage mata daraja. Malamai kan tunatar cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana. Takarda guda mai ɗauke da ranar rabuwa, da abin da aka bayar, da bashin da ya rage, da sa hannun shaidu biyu, ta isa ta tsare zumuncin gidaje biyu.

Idan an hana mutum takardunsa

Wanda aka riƙe wa takardu ko haƙƙi ya fara da rubuta takardar neman haƙƙinsa, ya riƙe kwafi. In ba a saurare shi ba, ya je wurin ƙungiyarsa ta ƙwadago ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa, inda ake sasanci. In sasanci ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta keɓantaccen hurumi a kan rigingimun aiki, kuma tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu biranen. Jinkiri na iya kashe ƙara, kuma kotu da takarda take aiki. Don haka kowane ma'aikaci ya buɗe fayil tun ranar da ya kama aiki, ya riƙa zuba kwafin duk takardar da ta shafe shi, kuma kada ya yi ban kwana da wurin aiki sai takardar rabuwa, da kiliyarans, da lissafin ƙarshe, da shaidar aiki suna hannunsa.