Kafin ka saka tarwada a akwatin gilashi, ka san girman da za ta yi

Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Maurada da ke Omdurman ya san yadda ake jibge kifin Nilu da sassafe: ga karfasa wadda ake kira bulɗi a nan, ga giwan ruwa, ga kuma tarwada, wato garmut, tana ta mutsu-mutsu a cikin baho bayan sauran duk sun daɗe da mutuwa. Wannan taurin ran ne yake ruɗin mutane. Yaro zai samo 'yar ƙarama kamar yatsa a bakin ruwa, ko wani masunci ya ba shi kyauta, sai a jefa ta a akwatin gilashi a ce ai tarwada ba ta mutuwa. Bayan wata shida sai ka tarar akwatin ya yi mata kaɗan, ruwa ya yi wari, ƙananan kifayen ado da aka haɗa ta da su kuwa duk sun ɓace.

Mu Hausawan Sudan ba baƙi ba ne a harkar su. Daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu har zuwa madatsar Jabal Auliya da aka gina a 1937 a kan Farin Nilu, kudu da Hartum, an san mutanenmu da koma da ƙugiya. Amma kama kifi daban, riƙe shi da rai shekara da shekaru a cikin ɗaki daban.

Wace irin halitta ce?

Tarwada ba ta da ɓawo a jiki, tana da gashin baki guda 8 da take laluben abinci da su, kuma ta fi kuzari da dare. A cikin kanta akwai wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye da ita, shi ya sa take rayuwa a taɓo, har ta ja ciki a ƙasa idan akwai laima. A gonar kifi takan kai kilo 1 cikin wata 6 zuwa 8, a kogi kuwa an samu wadda ta wuce mita 1 da rabi. 'Yar uwarta ramboshi ma takan kai wannan girman, ta wuce kilo 50. Minjirya, wadda Larabawan nan suke kira barada, tana iya sakin lantarki da ya kai bolt 350, don haka ba ta gidan da yake da yara ba ce sam. Akwai kuma wani mai jan wutsiya daga kogin Amazon da 'yan kasuwar kifin ado suke sayarwa a ƙasashe da dama yana ɗan mitsitsi, alhali shi ma yakan zarce mita 1.

Duk ɗabi'arsu ɗaya ce: abin da ya shiga baki abinci ne. Tarwada tana cin 'yan uwanta ma idan ta fi su girma. Wanda yake son ajiye ta, ya ajiye ta ita kaɗai.

Lissafin akwati

Ni malamin makaranta ne, kuma nakan ba ɗalibaina wannan lissafi idan muka zo darasin awon ruwa. Akwati mai tsawon mita 2, faɗin santimita 80, zurfin santimita 60 yana ɗaukar lita 960. Kowace lita nauyinta kilo 1 ce, ke nan kusan tan guda, ban da gilashi da yashi. Wannan fa shi ne abin da zai ishi tarwada mai tsawon santimita 50 zuwa 60 ta juya ba tare da ta goge baki a bango ba. Idan ta wuce haka, sai dai kwarmin siminti a tsakar gida, a inuwa, da raga a sama.

Murfi dole ne, mai nauyi, domin tana tsalle kuma tana da ƙarfi. Sai dai a bar tazara tsakanin ruwa da murfin, saboda tana hawowa ta shaƙi iska. Idan aka hana ta, tana iya mutuwa a cikin ruwan. A shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasa, kada a zuba tsakuwa, don takan haɗiye. A sa mata guntun bututu mai faɗi inda za ta ɓuya da rana.

Ruwa shi ne babban aiki

Kifi mai cin nama yana fitar da sinadarin amoniya da yawa, shi kuwa guba ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama a cikin soson matatar ruwa ne suke sauya shi ya koma abu mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Saboda haka ba a wanke soson da ruwan famfo, sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Duk mako a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. A akwatin da muka lissafa, lita 240 ke nan, fiye da ganga guda. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kulorin ya fice, idan kuma lokacin cikar kogi ne da ruwa yake zuwa ja wur, a bari laka ta kwanta.

Zafin da ya fi dacewa da ita digiri 25 zuwa 30 ne. A Hartum kuwa watannin Mayu da Yuni zafi yana wuce 40, kuma ruwa mai ɗumi bai riƙe iska sosai. A nisanta akwatin daga taga da rufin kwano, a rufe shi idan habub ta taso.

Sai matsalar wuta. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ba mai iya dogara da lantarki, kuma a Mayun 2025 hare-haren jirage marasa matuƙi kan tashoshin wuta sun jefa jihar Hartum cikin duhu na kwanaki, ruwan famfo ma ya yi wuya. Ita tarwadar za ta jure rashin iska, amma ƙwayoyin da suke cikin matatar ba za su jure ba. Idan injin ya tsaya awoyi da yawa sai su fara mutuwa, guba ta taru. Wanda ba shi da sola ko batir, ya daina ba ta abinci ranar da babu wuta, ya ƙara yawan sauya ruwa.

Ci da kamu

Ƙarama a ba ta sau biyu a rana, babba kuwa sau 2 ko 3 a mako ya isa. Abincin kifi na buhu mai yawo a saman ruwa ya fi, a riƙa haɗawa da tana ko yankan kifi. Kayan cikin kaji da kitse suna ɓata ruwa nan da nan. Abin da ba ta cinye ba cikin 'yan mintoci, a kwashe. Kada a kama ta da raga, ƙayoyin da suke gefen ƙirjinta suna sarƙewa, kuma sukarsu akwai zafi. A kora ta cikin bokiti. Magungunan kifi masu sinadarin tagulla suna yi wa marasa ɓawo illa, a yi hattara da su.

Idan tafiya ta kama fa?

Wannan tambaya ce da mutanen Hartum suka san ɗacinta. Gidan adana halittu na Jami'ar Hartum yana da dabbobi masu rai, kuma da faɗa ya hana ma'aikata isa wurin, sun mutu a kulle. Tsuntsu ana iya buɗe masa keji, kifin da yake cikin gilashi kuwa ba shi da mafita. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin a kawo ta gida a san wanda zai karɓe ta, ko mai gonar kifi ko maƙwabci mai kwarmi. Baƙon kifi irin na Amazon kada a kuskura a sake shi a Nilu. Tarwadar tamu ma da aka kai ta Indiya ta shiga koguna tana cinye kifayen ƙasar, har gwamnati ta haramta kiwonta.

To, wanda yake da fili, da ruwa, da hanyar wuta, tarwada tana da daɗin kiwo, har takan saba da mai ba ta abinci ta riƙa tarbarsa. Wanda kuma ganga guda ta ruwa a mako za ta rage wa iyalinsa na sha da wanka, gara ya haƙura tukuna, ya kai yaran bakin Mugran su gan ta a hannun masunta.