Malejin Mota A Jikin Gilashi: Yadda Ake Saita HUD Da Waya Ko Da Ƙaramar Na'ura

Duk direban da ya taɓa tasowa daga Dudunni a ƙaramar hukumar Kusada da magariba, ya ɓulla babban titin Kano zuwa Katsina, ya san ido ba ya samun hutu a wannan hanya. Ga masu babura suna shigowa daga ƙananan hanyoyi, ga amalanken shanu na dawowa daga gona, ga awaki na tsallakawa, ga kuma babbar mota da ta lalace a gefe ba fitila, sai ganyen da aka zuba a kan kwalta. Idan aka yi dace da ranar kasuwar Caranci kuwa, daga Kankiya har gaba sai an yi ta taka burki.

A irin wannan hanya, sunkuyar da kai kaɗan ma tana da tsada. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ya ɗauke ido daga titi na daƙiƙa 2 kacal, don duba maleji ko leƙa taswira a waya, ya yi tafiyar kusan mita 55 bai ga gabansa ba. Wannan ya haura rabin filin ƙwallo.

Matsalar da fasahar HUD ta zo ragewa ke nan. Maimakon direba ya kai idonsa ƙasa, sai lambar gudun mota ta fito a jikin gilashin gaba, dab da inda yake kallo. A da sai a manyan motoci masu tsada ake ganinta. Yanzu kuwa, da wayar Android ko wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, ana iya sa ta a tsohuwar Corolla ko Golf.

Daga jirgin yaƙi zuwa mota

Asalin fasahar ta sojojin sama ce. An ƙirƙire ta ne domin matuƙin jirgin yaƙi ya riƙa ganin gudu da tsayin jirgi ba tare da ya kawar da kai daga abin da ke gabansa ba. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sa ta a mota a 1988, a cikin Oldsmobile Cutlass Supreme, shekarar da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a Najeriya. BMW ya biyo baya a 2003 da motocinsa samfurin 5 Series. A yau akwai motocin da HUD ɗinsu ke zana kibiya kamar a kan kwalta, tana nuna kwanar da za a sha.

Yadda take aiki abu ne da kowa ya taɓa gani. Wanda ya ajiye farar takarda a kan dashbod zai ga inuwarta a gilashi. Haka HUD take: allo mai haske yana kwance yana kallon sama, rubutunsa a juye, gilashin ya dawo da shi daidai ga idon direba kamar yadda madubi ke yi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wadda kamfani ya haɗa da mota da wadda ake saye a kasuwa. Ta kamfani tana da madubai a ciki, masu sa rubutun ya bayyana kamar yana shawagi a wajen mota, kimanin mita 2 gaban direba, don haka ido ba ya wahalar komawa daga titi zuwa rubutu. Ta kasuwa kuwa rubutunta yana nan kusa da gilashin. Tana hana sunkuyawa, amma ido zai ɗan sake saiti kafin ya karanta. Wannan ya sa manyan lambobi kaɗan suka fi tarin bayanai amfani.

Me ya sa take da amfani a nan?

Dalili na farko shi ne maleji. Wanda ya saba shiga motocin haya tsakanin Kankiya da Kano ya sha ganin allurar maleji kwance a kan sifili alhali mota na sheƙa gudu. Direba da ƙarar inji da iskar taga yake auna gudunsa, kunne kuwa yana sabawa. Bayan rabin awa a miƙaƙƙen titi, gudun 110 sai ya zama kamar 80.

Na biyu, motocin kwatano da aka shigo da su daga Amurka da mil suke lissafi, kilomitar tana can ciki da ƙananan lambobi. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Matashin da ya ga allura a kan 60 ya ɗauka a hankali yake tafiya, alhali yana dab da kilomita 97 a awa. Idan ta kai 80, ya kusa 129.

Ƙa'idar FRSC ga ƙananan motoci na gida ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi na ekspres. Tasi da bas ba su wuce 90 ko a ekspres ɗin. Tun watan Fabrairun 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. HUD ba ta maye gurbin wannan na'ura, ba ta kuma rage gudun mota. Aikinta kawai ta faɗa wa direba gaskiya.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce wayar hannu da manhaja. Ta biyu ƙaramar na'ura mai GPS, wadda ake jona wa USB ko soket ɗin caji na mota, tana auna gudu ta tauraron ɗan Adam, kuma kowace irin mota tana karɓar ta. Ta uku ita ce mai shiga soket ɗin OBD2, wato inda bakanike ke jona kwamfutarsa idan zai duba laifin mota. Wannan kai tsaye take karɓar bayani daga ƙwaƙwalwar mota: gudu, juyin inji, zafin ruwan lagireto da ƙarfin batir.

A nan ne masu saye suka fi yin asara. Amurka ta wajabta OBD2 ga motoci tun 1996, Turai kuma sai 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gas. Ke nan tsohuwar Golf 3 ko Vectra da aka ƙera wa kasuwar Turai kafin lokacin tana iya samun soket mai kama da shi, amma na'urar ta kasa fahimtar yarenta. Mai irin wannan mota gara ya nemi mai GPS, ko wadda ta haɗa duka biyun. Haka kuma, idan abin da ya mutu a mota shi ne sensan da ke auna gudu, mai OBD2 ma sifili za ta nuna.

Ana samun waɗannan na'urori a Jumia, Jiji da AliExpress, kuma ana iya tambaya a shagunan kayan ƙawata mota na Kano da Katsina. Farashi yana bin dala. Idan a shago ne, ya fi kyau a je da motar a gwada kafin a biya.

Yadda ake yi da waya

A Play Store akwai manhajoji irin su DigiHUD Speedometer da HUDWAY Go, sannan Sygic ma yana da tsarin HUD a cikinsa. Google Maps yana nuna gudu a Android, amma ba ya juya rubutu don gilashi.

Duk saitin a yi shi mota na tsaye. Da farko a sauke manhajar, a ba ta izinin sanin wuri, a kunna GPS. A zaɓi kilomita maimakon mil. A danna maɓallin HUD, rubutu zai juye kamar a madubi. A ƙure hasken fuskar waya, a kashe juyawar allo, sannan a kunna Do Not Disturb don kada saƙon WhatsApp ko kira ya faɗo a kan gilashi ana cikin tafiya. Daga nan a shimfiɗa tabarmar roba mai hana zamewa a kan dashbod gaban sitiyari, a kwantar da wayar fuskarta sama, a jona caja, domin GPS da cikakken haske suna shan batir.

Abin daɗin shi ne auna gudu ba ya buƙatar data ko sabis. GPS daga tauraron ɗan Adam yake karɓar saƙo, don haka ko a ƙauyen da layi ke ɗaukewa zai yi aiki, sai dai yakan ɗan jima kafin ya kama da farko. Taswira ce ke cin data, ita ma ana iya sauke ta a ajiye tun a gida.

Amma wannan dabara ta dare ce da asuba. Da rana tsaka hasken waya ba ya iya gogayya da ranar Katsina, rubutun ɓacewa yake yi. Mafi muni kuma shi ne zafi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, saman dashbod ya fi haka nesa ba kusa ba. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35. Wayar da ke caji, GPS a kunne, haske a ƙure, rana na dukan ta, za ta rage haske da kanta ko ta mutu, kuma a hankali batirinta ya kumbura. Asarar waya ta fi kuɗin na'urar.

Yadda ake saita na'urar

A kashe mota tukuna. Soket ɗin OBD2 mai ramuka 16 ne, yawanci yana ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. A jona wayar, a bi da ita ta gefen ƙofa a cusa ta cikin robar, yadda ba za ta rataya kusa da burki, kuloci ko totur ba. Waya ɗaya da ta naɗe ƙafa ta isa ta jawo abin da ake gudu.

Direba ya zauna yadda ya saba tuƙi, wani ya riƙa matsa na'urar har rubutun ya sauka a ƙasan gilashi, ƙasa da inda ake hango titi. Kada ya rufe hanya, kada kuma a ɗora na'urar a kan murfin jakar iska ta gefen fasinja.

Yawanci za a ga lambobin sun fito biyu-biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na'urar ba ta lalace ba. Gilashin gaba falle biyu ne da roba a tsakani, hasken yana dawowa daga fuskar ciki da ta waje. Maganinsa ita ce 'yar ledar da ke zuwa cikin kwali. A goge wurin tas, a fesa ruwa kaɗan, a manna ledar, a matse kumfar da katin ATM da ya daina aiki. Wasu na'urorin suna zuwa da nasu ɗan gilashin, su ba sa buƙatar leda.

Sai saiti. A zaɓi kilomita da digirin Salshiyas. A sa ƙararrawar gudu a kan 80 ko 100, gwargwadon hanyar da aka fi bi. A bar haske ya riƙa daidaita kansa, domin lambar da ta yi daidai da rana tana iya kashe ido da dare. Mai OBD2 ya kula da ƙararrawar zafi: yawancin injuna suna aiki a wajen digiri 90 zuwa 100, kuma gargaɗi da wuri na iya ceton gasket a tsakiyar bazara. Batir kuwa, idan inji na aiki, ya kamata ya nuna wajen bolt 14. Idan ya tsaya a 12 ko ƙasa, a nufi wurin mai wayarin mota.

Gwajin ƙarshe a yi shi da abokin tafiya. Shi zai riƙe waya mai GPS, direba ya tsaya a kan gudu ɗaya a miƙaƙƙen wuri, a kwatanta. Ba abin mamaki ba ne malejin mota ya ɗara GPS da 'yan kilomitoci, domin kamfanoni sukan saita shi ya ɗan wuce gaskiya maimakon ya gaza ta. GPS kuma yakan yi ɗan jinkiri idan aka taka totur ko burki da ƙarfi.

Abubuwan kiyayewa

Soket ɗin OBD2 yana ba da wuta ko mota a kashe take. Na'urorin suna kwanciya da kansu, amma masu araha ba kullum suke yi ba. Motar da za ta yi kwanaki a ajiye, a zare wayar, kada a wayi gari ana neman masu turi.

Ƙurar hunturu tana kwanciya a cikin gilashi, ta watsa hasken HUD da na fitilun motocin da ke tahowa. A riƙa goge cikin gilashin kamar yadda ake goge wajensa. Tabarau masu tace ƙyalli kuma suna dusashe rubutun, wani lokaci su ɓatar da shi gaba ɗaya.

Babban haɗarin dai yana wurin direba. Wasu na'urori suna cika gilashi da agogo, juyin inji, shan mai, launuka kala-kala, har gaban mota ya koma kamar shagon sayar da waya. Ido yana iya kasancewa a kan titi amma hankali yana kan lambobi, yaro ya gilma ba a gan shi ba. A bar lamba ɗaya, ta gudu, sauran su yi shiru sai in akwai matsala. Taɓa waya ana tuƙi laifi ne a dokar FRSC, ko a hannu take ko a kan dashbod. Wanda zai sauya saiti ya gangara gefe ya tsaya.

Ga matashin da ke bin hanyar Dudunni zuwa Kankiya ko Kano, lissafin mai sauƙi ne. Mai tafiyar dare jefi-jefi, manhaja da tabarmar roba sun ishe shi. Mai tsohuwar mota ko mataccen maleji ya nemi mai GPS. Mai motar da ke da OBD2 na gaske, kuma yana doguwar tafiya, ita ce za ta fi yi masa aiki saboda gargaɗin zafi da batir. Kowacce aka zaɓa, lamba kawai za ta nuna. Idan ta yi ƙara a kan 80 ana tunkarar gari, sassauta ƙafa daga totur aikin direba ne.