Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Amfanin Ƙungiyar Masu Shan Allurar Insulin

Ya kai ɗan kasuwa, ya ke uwargida, idan a gidanku akwai mai ciwon sukari da likita ya ɗora a kan insulin, wannan takarda taku ce. Insulin sinadari ne da jikin ɗan Adam ke samarwa domin shigar da sukarin jini cikin tsoka. Idan jiki ya gaza samar da shi, sai a ba shi daga waje. An gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1921, kuma tun daga lokacin yake ceton rayuka. Sai dai likita yana ganinka ne na 'yan mintoci a wata, sauran kwanakin kuwa kai ne da ciwonka, a rumfa, a mota, a kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙonni. Wanda zai tsaya maka a waɗannan kwanaki shi ne ɗan'uwanka mai irin lalurarka.

Mece ce ƙungiyar?

Mutum biyar zuwa goma ne masu amfani da insulin, da ke cin kasuwa ɗaya ko zaune a unguwa ɗaya, su tsayar da rana su riƙa haɗuwa, tare da ma'aikacin lafiya idan ya samu. Mata za su iya yin tasu a cikin gida. Kowa ya zo da littafin da yake rubuta awon jininsa, da kwalbar insulin ɗinsa, da sirinjinsa. A duba ƙafafun juna ko akwai rauni ko tsagewa, domin ciwon sukari yana kashe jin ƙafa har ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Wasu kan haɗa adashe, a naira ko a sefa, domin kada takardun awo su yanke wa wani.

Abin da ke canzawa idan ka tsallaka iyaka

A wajen aikina na taɓa karɓar wani mai sayar da hatsi da ya faɗi a rumfarsa, gumi ya jiƙe masa riga. Sirinjinsa ne ya ƙare a kan hanya, ya sayi wani, ya ja maganin zuwa layin da ya saba. Bai san cewa insulin ƙarfi biyu ne ba: akwai mai lamba 40, akwai mai lamba 100, kuma kowane da sirinjinsa. Idan ka ja mai lamba 100 da sirinjin 40, ka yi wa kanka ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta maka. Idan ka juya, abin da ka samu bai kai rabi ba. Saboda haka, lambar da ke jikin kwalba ita za ka nema a jikin sirinji.

Haka ma awon jini. Wata na'ura za ta nuna 70, wata ta nuna 3.9, takardar asibitin da ke aiki da Faransanci kuma ta rubuta 0,70. Duk abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, kamar tiya da kilo. Ɗan ƙungiyar da ya saba da ɓangarorin biyu zai fahimtar da kai wannan a zama ɗaya.

Idan sukari ya faɗi

Alamominsa su ne rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, faɗa ba dalili da ruɗewar magana. Awo ƙasa da 70 yana tabbatar da shi. A ba mutum cokali uku na sukari a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo. Idan bai tashi ba, a ƙara. Idan ya farfaɗo, ya ci abinci. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. Ka sanar da maƙwabcin rumfarka da yaron shagonka wannan, domin su ne a kusa.

Ajiyar insulin

Kwalbar da ba a buɗe ba tana son firji, amma kada ta daskare. Wadda aka fara amfani da ita takan yi mako huɗu. Inda babu wuta, a sa ta cikin roba mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa da ke zaune a jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Kada a bar ta a gaban mota ko a aljihun da rana ke duka.

Masu ɗauke da famfon insulin

Wata ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a ƙugu, tana tura insulin kaɗan-kaɗan dare da rana ta wani siririn bututu da ke ƙarƙashin fata. Tana da tsada, shi ya sa masu ita ba su da yawa a yankinmu, kuma shi ya sa suka fi kowa bukatar juna. Ana sauya bututun duk kwana biyu ko uku. Da yake insulin mai saurin aiki kaɗai ke cikinta, idan bututun ya toshe ko batir ya mutu, sukari zai haura cikin 'yan sa'o'i, har a kai ga amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama. Wannan na asibiti ne nan take. Mai famfo kada ya yi tafiya ba tare da sirinji da kwalbar insulin ba, da takardar likita mai nuna adadin da zai yi idan na'urar ta tsaya.

Iyakar ƙungiya

Ƙungiya tana tunatarwa, tana rakiya, tana ƙarfafa zuciya, amma ba ta rubuta magani. Adadin da ya dace da abokinka zai iya kayar da kai. Kada a yi aron allura, kada kuma wani ya sa ka bar insulin saboda wani jiƙo. Kafin azumin Ramadan, ku je wurin likita tun da sauran makonni shida zuwa takwas, ya faɗa wa kowa matsayinsa. Mai azumin da awonsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya sha ruwa.

Ranar kasuwa mai zuwa, ka nemi mutum biyu masu irin lalurarka, ku karɓi lambar wayar juna, ku sanar da ma'aikacin lafiyar da ke kusa da ku ranar da kuka tsayar. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.