Shin Ko Kun San? Allon Jirgin da Ke Kauce wa Yashi da Kansa

Shin ko kun san akwai ƙananan jiragen ruwa da ba su da inji ko kaɗan, iska kawai ke tura su? Irin waɗanda ake tsere da su a gaɓar tekun Ingila da Amurka. Wani ma bai kai mita uku ba! To, duk gudun da za su yi, akalarsu na hannun wani siririn allo da ke rataye a gindin jirgin, ya nutse cikin ruwa. Matuƙi ya karkata shi da sanda, jirgi ya juya.

Ga inda gizo ke saƙa. Allon nan ya fi cikin jirgin nutsewa nesa ba kusa ba. Da an shiga ruwa marar zurfi, sai ka ji gurrr, ya daki yashi ko dutse. Wani lokaci allon ne ke tsagewa. Wani lokaci kuwa ƙarafan da ke riƙe da shi ne ke fizgewa, su tafi da ɓangaren gindin jirgin!

Me maƙera suka yi? Ba ƙarfi suka ƙara masa ba. Sai suka ɗora shi a kan ƙusa guda ɗaya tak, yadda da ya yi karo zai lanƙwashe baya ya ɗago sama, kamar wuƙar aljihu. Igiya ce ke danne shi ƙasa, wasu kuma igiyar roba suke sawa don ta ba shi damar motsi.

Ku ji wannan: akwai ɗan maƙalin igiya na kamfanin Clamcleat wanda, in bugun ya yi yawa, sai ya ɓalle da kansa, ƙas, ya saki igiyar. Matuƙi ya mayar da shi, a ci gaba da tafiya. Ni dai a ganina, ɗan abin nan ya fi kayan jirgi da yawa masu tsada amfani.

Kun san Hobie 16? Jirgi ne mai ciki biyu da Hobie Alter ya ƙera a Kalifoniya. Alluna biyu gare shi, kuma dukansu suna tashi da kansu. Shi ya sa matuƙinsa ke iya korar shi kai tsaye har kan rairayin gaɓa, bai ko tsaya ba!

Optimist kuwa, jirgin yara da Clark Mills ya zana a 1947, allonsa ba ya lanƙwashewa. Sai yaro ya ja jirgin cikin ruwa, in zurfi ya isa, sannan ya maƙala shi. Akwai kuma ɗan makulli da ke hana allon zarewa in jirgi ya kife. Aka manta da shi? Sai nema a ruwa.

Amma fa kada a ce an samu banza. In allon nan mai lanƙwashewa ya ɗago rabi, sandar tuƙi kan yi nauyi ƙwarai, har hannu ya gaji. A nan ne ake karya allon, in an yi ta fizga da gudu. Don haka gwanaye ke rage gudu kafin su kusanci gaɓa. Ruwa ai ba iska ba ne, ya ninka ta nauyi kusan sau 800!

Kuma zurfin ma ba ya zama wuri ɗaya. A mashigin Bristol na Birtaniya, ruwa kan hau ko ya sauka da fiye da mita 12 cikin sa'o'i shida. Inda ka wuce lafiya da hantsi, da azahar taɓo ne.

Wa ya riga kowa sa allon tuƙi a gindin jirgi? Mutanen Sin! An tono wani ɗan jirgin yumɓu a kabari a Guangzhou, na ƙarni na 1 miladiyya, da allonsa a gindi. Turai ba ta fara irin nata ba sai wajen ƙarni na 12. Kuma manyan jiragen Sin, da igiya ake janye allonsu sama in an shiga ruwa marar zurfi. Wasu ma har huda allon ake yi da gangan, don ya yi sauƙin juyawa!