Takalmin Hannu: Sana'ar da Ta Haɗa Kano da Aba

A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a birnin Kano. Cikin abubuwan da ya rubuta har da takalman da dukawan birnin ke ɗinkawa, waɗanda fatake ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Jajayen fatu kuwa, ayari ne ke ƙetara hamada da su zuwa Tarabulus da sauran biranen Arewacin Afirka. Daga can Turawa ke saye, suna kiransu fatar Maroko, alhali da yawa daga cikinsu na jar akuyar Sakkwato ne.

Kafin takalmi ya shiga ƙafa sai ya bi ta hannu da yawa. Mahauci ya feɗe. Majemi ya jiƙa fatar a ruwan toka don gashi ya zube, sa'an nan ya tsoma ta cikin bagaruwa har ta jemu. A rina ta ja da karan dafi, ko baƙi da kuloko. Daga nan baduku ya auna, ya yanka, ya ɗauki basilla ya ɗinka fade ko sau-ciki. Duk wanda ya yi sakaci a cikinsu ya ɓata wa na gabansa aiki, musamman mai fiɗa, domin fatar da wuƙa ta huda ba ta da magani.

Abin lura shi ne, wannan sana'a ba a ɗaki ɗaya ta girma ba. Fataucin da ya fitar da fata shi ne ya shigo da zane da salon ɗinki daga Buzaye da Larabawa, dukawanmu suka karɓa suka gyara daidai da bukatar mutanensu. Haka abin yake har yau a cikin gida. Garin Oyo ya daɗe da shahara kan aikin fata. A kasuwar Ariaria ta Aba kuwa akwai dubban masu haɗa takalmi, waɗanda suka ƙware wajen aiki da ƙirar ƙafa da gam da keken ɗinki. Baduku ya san fata, mutumin Aba ya san yadda ake fitar da takalma masu yawa a kan awo ɗaya. Kowa yana da abin da zai koya a wurin ɗan'uwansa.

Amma akwai abin damuwa. Takalmin roba mai araha ya cika kasuwa, fatar shanu da yawa kuma tana ƙarewa a tukunya a matsayin ganda. Mafi muni a ganinmu shi ne ɗabi'ar wasu gwanaye ta ɓoye sirrin aiki, sai ga ɗan cikinsu kawai. In ɗan ya kama wata hanya, ranar da tsoho ya kwanta dama an rufe shi tare da iliminsa ke nan.

Saboda haka ana kira ga dukawa da majema, ko a Kano suke, ko Sabon Ibadan, ko Agege, da su karɓi almajirin sana'a ba tare da duba ƙabila ko addininsa ba. Su kuma tura nasu yaran su ga aikin wasu. Mai neman ƙarin horo yana iya tuntuɓar Cibiyar Nazarin Fata da Kimiyya ta Nijeriya da ke Samaru, Zariya, inda ake koyar da jima irin ta zamani da haɗa takalmi.