Tayar Sanyi, Tayar Kowane Yanayi ko Tayar Daji: Karanta Jikin Taya Kafin Ka Biya Kuɗi

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da kwamfuta, mu leƙa ƙarƙashin mota.

Duk wanda zai sayi waya a cikinmu sai ya tambayi RAM nawa ne, batirin nawa ne, tana ɗaukar 5G ko ba ta ɗauka. Amma mutumin nan idan ya je sayen taya, abu biyu kawai yake dubawa: zurfin zanenta da farashinta. Alhali waya in ta ba ka matsala ɓacin rai ne kawai, ita kuwa taya ranka ne a kanta. Wurin da kowace taya take taɓa kwalta bai fi faɗin tafin hannunka ba, kuma birki da sitiyari duk ta wannan ɗan wurin suke aiki.

Ni ma na yi wannan kuskuren. Da kuɗin wata manhaja da na rubuta suka shigo, na sayi tsohuwar Corolla, na wuce kasuwa neman taya. Aka fito mini da wasu guda huɗu 'yan Beljiyam, zanensu zuru-zuru, roba laushi kamar sabuwa, farashi kuma da sauƙi. Ban yi wata-wata ba na biya. Wannan a watan Maris ne, zafi ya fara kankama. Kafin damina ta yi nisa zanen ya cinye fiye da rabi. Wata rana da tsakar rana a hanyar Kano zuwa Zariya, awaki suka faɗo titi, na danne birki, sai na ji motar tana ci gaba da tafiya kamar ba ta ji ba. Allah ya tsare, ban taka komai ba, amma jikina ya daɗe yana rawa.

Bayan kwana biyu muna kiran bidiyo da wani abokina da ke karatu a Kanada, na juya kyamara ina nuna masa tayoyin. Ya ce in matsa kusa da wata 'yar alama, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, ai tayar ƙanƙara ka ɗaura a Kano." Daga ranar na zauna na karanci abin, ga kuma abin da na samo.

Tayar sanyi: ba don hunturunmu aka yi ta ba

Nan ne ruɗanin yake farawa. Mu idan an ce sanyi, hunturu muke tunani, da hazo da kaɗawar iska. Su kuwa waɗanda suka ƙera wannan taya, sanyinsu shi ne ruwa ya daskare a kan titi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya wata da watanni. A ƙasar Finlan aka fara yin ta a 1934, a kamfanin da yau ake kira Nokian.

Abu biyu ne suka bambanta ta. Na farko haɗin robarta. Roba ta yau da kullum tana sandarewa idan sanyi ya yi yawa, ta daina kama titi. Ita wannan an haɗa ta ne yadda za ta zauna da laushi ko da komai ya daskare. Masu ƙera taya sun saba cewa daga digiri 7 a ma'aunin Salshiyas zuwa ƙasa ne take nuna amfaninta. Na biyu kuma zanenta: idan ka duba da kyau za ka ga ɗaruruwan ƙananan tsaga masu lanƙwasa kamar an yanka da reza, su ne suke cizon ƙanƙara. Akwai ma wadda ake dasa wa ƙananan ƙusoshi don titin da ya zama ƙanƙara zalla.

A can wannan taya ba ado ba ce, doka ce. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Suwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan yanayin sanyi ya sauka a hanya. A Jamus ba a yanka rana ba, amma duk lokacin da titi ya yi ƙanƙara dole motarka ta kasance da tayar da ta dace. Don haka idan kana shirin tafiya karatu ko aiki irin waɗannan ƙasashe, ka sa kuɗin tayoyin sanyi guda huɗu a lissafinka tun kafin ka sayi mota.

To yaya aka yi take zuwa kasuwanninmu? Mafi ƙarancin zurfin zane da doka ta yarda da shi a Turai milimita 1.6 ne, amma ita tayar sanyi ana ba da shawarar a cire ta idan ta sauka zuwa milimita 4, a Ostiriya ma ƙasa da haka ba a lissafa ta a tayar sanyi. Ka ga ke nan Bature yana jefar da ita ne tana da sauran zane mai kyau a ido. Ita ce ake lodowa a kawo mana, wani lokacin kuma tana zuwa ne a jikin motar da aka shigo da ita. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin jerin abubuwan da Hukumar Kwastam ta Najeriya ta haramta, amma kowa ya san kasuwa cike take da su, musamman tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a ƙasar a 2007 da 2008.

Matsalar ita ce robar da aka yi don ƙasa da digiri 7 ta zo garin da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Robar ta ƙara laushi, ta riƙa cinyewa da sauri, ƙananan tsagun nan su riƙa lanƙwashewa idan ka taka birki, motar ta ƙara nisa kafin ta tsaya. A kwana kuma za ka ji sitiyari ya yi sako-sako. Ko a Jos da Gembu da ake kukan sanyi, titi ba ya daskarewa, kuma da rana ta ɗaga zafi ya dawo. Babu inda tayar sanyi take da aiki a ƙasarmu.

Tayar kowane yanayi: tsaka-tsaki ce

Wannan Amurkawa ne suka yayata ta, Goodyear ta fito da samfurin Tiempo a 1977 don mutanen da suka gaji da canza taya sau biyu a shekara. Robarta ba ta kai ta sanyi laushi ba, ba ta kuma kai ta zafi tauri ba. Tana aiki a busasshen titi, tana aiki a ruwan sama, tana ɗan lallaɓawa a dusar ƙanƙara mara yawa. Yawancin motocin da ake shigowa da su daga Amurka da ita suke zuwa, za ka ga an rubuta All Season ko M+S a jikinta.

Ga mai yawo a cikin gari da manyan hanyoyi, wannan taya ba ta da laifi a yanayinmu, kuma tana daɗewa. Sai dai akwai ta huɗu da ba a cika ambata ba, wato tayar zafi, wadda aka yi don kwalta mai zafi da ruwan sama kawai. Ita ce ta fi kowa kama titi a irin yanayinmu, ba ta da M+S, ba ta da alamar ƙanƙara. Idan ka same ta sabuwa a girman motarka, kada rashin waɗannan rubuce-rubucen ya sa ka raina ta.

Tayar daji: kyau a ido, amma da farashinta

Ita ce mai manyan haƙora da kake gani a jikin Hilux da Land Cruiser, an rubuta A/T. BFGoodrich ce ta fito da shahararriyarta a 1976. An yi ta ne don motar da ke raba lokacinta tsakanin kwalta da hanyar burji, yashi, tsakuwa da taɓo. Haƙoranta a wawware suke don su tono ƙasa su kuma zubar da laka, gefenta ya fi kauri don kada dutse ko kututture ya yaga ta.

Idan aikinka kai kaya ƙauye ne, ko zuwa gona da damina, ko bin turakun sadarwa a cikin daji, wannan ce tayarka. Amma idan daga gida sai ofis sai wurin shan shayi, ka sani za ka biya kuɗin gayun nan sau uku: ta fi nauyi don haka ta fi shan mai, tana ƙugi a kan kwalta, kuma yawanci ba ta kai tayar titi tsayawa da wuri ba idan kwalta ta jiƙe. Mai jif ɗin cikin gari ya nemi mai rubutun H/T, ita ce ta kwalta. Mai rubutun M/T kuwa ta taɓo ce zalla, ta fi A/T ƙara da shan mai.

Abin da za ka duba a jikin taya

Jikin taya kamar kwalin waya ne, komai a rubuce yake. Kunna fitilar wayarka ka tsuguna.

1. Alamar dutse. Hoton tsauni mai kawuna uku da furen ƙanƙara a cikinsa yana nufin tayar ta ci gwajin dusar ƙanƙara. Amma a kula, wasu tayoyin kowane yanayi na Turai irin CrossClimate, da wasu na daji, su ma suna ɗauke da ita. Don haka ka haɗa da sunan tayar. Idan ka ga Winter, Snow, Ice, Alpin, Blizzak ko Hakkapeliitta, ga kuma ƙananan tsaga birjik, ajiye ta. In kana shakka, rubuta sunan a Google, minti ɗaya ya isa.

2. Ranar haihuwa. Nemi rubutun DOT, ka bi shi zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Hukumar FRSC ta sha gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, Michelin kuma ta ce bayan shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, kada kuma ta wuce 10 ko da zanenta na nan.

3. Girma, nauyi da gudu. Misali 205/55 R16 91V. Lambar 205 faɗin taya ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne a kashi cikin ɗari na faɗin, 16 girman wili ne a inci. Lambar 91 tana nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, V kuma iyakar gudunta kilomita 240 a awa. H 210 ne, T 190. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motarka ya rubuta.

4. Juriyar zafi. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna da rubutun Temperature da harafin A, B ko C. A ce ta fi jure zafi, ita za ka fifita. Tayar sanyi galibi ba ta ma da wannan rubutu.

5. Zurfin zane. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu ƙanana. Duk ranar da suka yi daidai da saman taya, ta kai milimita 1.6, ta gama aiki. Ka kuma duba gefe ko akwai kumburi ko tsattsagewa.

Idan sabuwar taya ce mai takardar Tarayyar Turai a manne, tun watan Mayu na 2021 takardar tana da lambar QR. Ka haska ta da wayarka, za ta kai ka shafin da ke nuna makin tayar a shan mai da kama jiƙaƙƙen titi, daga A zuwa E.

Iska ma tana cikin lissafi

Ko ka sayi taya mafi kyau, ƙarancin iska zai kashe ta. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwasa fiye da ƙima, ta ɗau zafi, a doguwar tafiya ta fashe. Adadin iskar da motarka ke buƙata yana kan wata takarda a jikin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake cikawa ba, don haka kada ka bar mai faci ya auna da bugun hannu. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Motocin Amurka daga 2007 da na Turai daga 2014 suna da na'urar TPMS mai kunna fitila idan iska ta ragu. Idan taka ba ta da ita, akwai ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a kan bawul, wasunsu suna turo maka adadin iska a waya ta Bluetooth.

To wacce za ka saya?

Tambayi kanka inda motar take kwana da inda take wuni. Kwalta a ƙasar zafi: tayar zafi ko ta kowane yanayi. Rabi kwalta rabi daji: A/T. Ƙasar da titi ke daskarewa: tayar sanyi da lokacinta, a cire ta idan bazara ta shigo. Kada ka gauraya iri daban-daban a mota ɗaya. Idan kuɗinka na biyu ne kawai, masu ƙera taya sun ce a sa sababbin a baya, don bayan mota ne yake zamewa a ruwa ya juya da kai.

Na san halin da aljihu yake ciki, kuma na san ba kowa ne zai iya sabuwa ba. Ni dai da na lissafa, tayoyin nan huɗu masu araha da suka mutu cikin 'yan watanni sun fi sababbin da na saya daga baya tsada. In dole sai ta hannu, aƙalla ka karanta ta kafin ka biya, kada zurfin zane ya ruɗe ka kamar yadda ya ruɗe ni. Yau idan ka fita, ka tsuguna ka duba tayoyin motar gidanku, ko na motar haya da za ka shiga doguwar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya.